Neman kalma: me za mu kira concept car da Hausa?

Assalamu alaikum masu son mota da masu kishin harshe, dan Allah ku zo mu haɗa kai a kan wata kalma da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ina nufin abin da Bature ke kira concept car, wato motar nan da kamfani zai kawo wajen baje kolin motoci a ɗora ta kan dandamali mai juyawa a haske ta da fitilu 'yan jarida su yi ta ɗaukar hoto, amma ko nawa ka zo da shi ba za a sayar maka ba, sau da yawa ma guda ɗaya tal aka yi, wata ko inji babu a cikinta turo ta ake yi. Sai kuma 'yar uwarta da suke kira production car, wadda ita ce ake ƙerawa da yawa a masana'anta a kai wa dillalai mutum ya biya kuɗi a sa masa lamba ya hau.

Abin da ya taso da maganar shine shekaranjiya ƙanena ya turo min hoton wata mota daga wani shafin Hausa, an rubuta a ƙasa wai sabuwar motar da kamfani kaza ya fitar, yana tambayata Yaya wannan nawa za ta kai kuma yaushe za ta fara shigowa ta Kwatano. Motar nan ba ta da madubin gefe, ba ta da mariƙin ƙofa, tayoyinta sun kusa kai tsayin boneti, da gani ka san ta dandamali ce. Wanda ya rubuta ba ƙarya ya yi niyya ba, kalma ce ba shi da ita sai ya ɗauki wadda ta fi kusa da hannunsa, kuma duk wanda ya karanta ya tafi da fahimtar cewa abin sayarwa ne. Toh kaga rashin kalma ɗaya ya sa labari gaba ɗaya ya karkace.

Bari in kawo motar da na fi sani a wannan fanni don mu san me muke nema wa suna. A watan Janairun 2014 a baje kolin Detroit da ke Amurka, Toyota ta nuna wata jar mota mai suna FT-1, ɗakin zanensu na Calty da ke Kalifoniya ne ya yi ta. Doguwa, mai faɗi, ta kwanta a ƙasa, hancinta kamar na motar tseren Formula 1, an yi mata gilas a boneti ana hango inji, a baya ga fiffike mai ɗagawa da kansa. Tun 2002 aka daina ƙera Supra, shahararriyar motar gudu ta Toyota, saboda haka kowa ya ce ai shikenan Supra ta dawo. Hoton nan ya daɗe a fuskar wayata.

Na taɓa nuna shi ga wani dattijon bakanike da nake kai wa gyara, yana zaune kan tsohuwar taya hannunsa duk baƙin mai, ya goge yatsa a tsumma ya ja hoton ya faɗaɗa shi ya daɗe yana kallon gaban motar, sai ya ce min yaro ina za a ɗaura lamba a wannan hancin, kuma da wannan kwanciyar tudun rage gudu na farko da ta hau a nan za ta bar bambarta. Na ce Baba ai Toyota ce ta yi. Ya ce ya sani, amma wanda ya zana daban wanda zai ɗaura noti daban. Ya miƙo min wayar ya koma ƙarƙashin motar da yake yi.

Sai Janairun 2019, shekara 5 cif, aka buɗe GR Supra a wannan gari na Detroit ɗin. Kamannin suna nan ba wanda zai ce ba 'yar gidan ba ce, rufin nan mai tudu biyu yana nan, ɗuwawun baya masu kumbura suna nan, hancin ma an bar alamarsa. Amma motar ta gajarce ta tsuke ta ƙara tsayi, gilas ɗin boneti ya tafi, fiffiken mai ɗagawa ya koma ɗan leɓe a jikin but, kuma yawancin ramukan shan iska da aka gani a jikinta a toshe suke da roba, ado ne kawai, duk da an ce masu shiga tsere za su iya buɗe su. Dalili a fili yake, Toyota da BMW ne suka haɗa gwiwa, shasin Supra ɗaya ne da na BMW Z4, injin ma na BMW ne mai silinda 6 lita 3.0, kuma duka biyun a masana'antar Magna Steyr da ke Graz a ƙasar Ostiriya aka haɗa su. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,470 ce, ta ma fi ta ƙaramar Toyota 86 gajarta. Wato an ɗinka riga ba a auna kowa ba, daga baya aka kawo mai sawa aka ce a rage ta ta zauna masa. Duk telan da aka taɓa kawo wa babbar riga a ce ya mayar da ita ta yaro ya san aikin wuyan ba zai zauna yadda yake ba, aska za ta matse, zubin zai canza.

Masoya Supra da yawa a duniya sun yi ta ƙorafi a lokacin, kuma ni a ganina rabin ƙorafin daga fahimta ya taso, sun ɗauki abin da aka nuna musu a matsayin alkawari. Shi ya sa nake so kalmar da za mu zaɓa ta zama ba ta ɗauke da alkawari a cikinta.

Kalmar farko da kowa ke kawowa ita ce motar gwaji, ni ma da ita na yi ta amfani shekaru. Amma motar gwaji tana da mai ita. Akwai motocin da kamfani ke haɗawa kafin a fara sayarwa a liƙe musu leda mai zanen baƙi da fari don kada a gane siffarsu, a kai su filin tseren Nürburgring a Jamus a yi ta zagaye da su, a kai su ƙanƙarar arewacin Suwidin, a kai su zafin hamada, a buga wasu da bango a ga yadda za su murƙushe. Waɗannan su ne na gwaji, mota ake jarrabawa. Ita kuwa wadda muke magana a kai ba ita ake jarrabawa ba, mutane ake jarrabawa da ita, a ga za su tsaya ko za su wuce. In muka ba su suna ɗaya mun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba.

Motar ra'ayi ko motar tunani kuwa fassarar kalma da kalma ce, ka faɗa wa direban tasha motar ra'ayi ka ga ko zai gane, ƙila ya zata ta kamfen ce. Motar mafarki ita ma na ajiye ta gefe, gaskiya ne Amurkawa sun yi ta kiran irin waɗannan motoci da makamancin haka a shekarun 1950 lokacin da General Motors ke yawo da su gari gari a bikinsu na Motorama, kuma ita kanta Buick Y-Job ta 1938 da Harley Earl, shugaban masu zanen motocin kamfanin, ya jagoranci yin ta, wadda ake cewa ita ce ta farko a wannan layi, haka ake kallonta, amma a kunnen Bahaushe motar mafarki ita ce wadda kake burin mallaka in Allah ya hore, ko da Corolla ce.

Ni abin da nake kawowa gabanku shine ƙirar nuni. Ƙira dai kalma ce da ta riga ta zauna a bakin masu mota, muna cewa mota ƙirar Honda, ƙirar Japan, ƙirar 2010, ba sai an koya wa kowa ba. Nuni kuma yana da fuska biyu kuma duka biyun muna bukatarsu. Akwai nuni na bajewa a kalla, kamar yadda ake cewa nunin amfanin gona inda manomi zai kawo zangarniyar da ta fi kowacce cika ba wai duk gonarsa haka take ba. Akwai kuma nuni na yin ishara, wannan na nuni da cewa kaza, wato ya nuna inda aka dosa. Motar nan aikinta kenan, a kalle ta, kuma ta nuna alƙiblar da kamfani ya fuskanta, ba ta ce nan za a sauka ba. Ina jiran ra'ayinku.

Ƙari bayan na karanta amsoshi, na gode ƙwarai wallahi ban zaci za a taru haka ba.

Alhaji da ya ce a yi amfani da samfur, ranka ya daɗe na fahimce ka, kuma da yake ka ce a Kantin Kwari kake bari in amsa da abin da ka fi ni sani. In ka yanko wa mutum samfur na shadda ai bandir ɗin yana nan a shago, abin da ya taɓa da hannunsa shi za a auna masa, in aka ba shi wani daban ya dawo da shi kuma yana da gaskiya. Samfur yanki ne na abin da yake akwai. FT-1 ba yankin komai ba ce, lokacin da aka nuna ta babu bandir a shago, ko injin da za a sa mata ba a faɗa ba. Kuma wani lokacin bandir ɗin ba ya taɓa zuwa. Jaguar ta nuna C-X75 a birnin Paris a 2010, mota mai kyau da ƙananan injina biyu irin na jirgin sama da ke caja mata batir, aka ce za a ƙera guda 250, aka sauya injin aka yi nisa da aiki, sai a Disambar 2012 aka soke saboda halin tattalin arziki. Da mun kira ta samfur da mun yi wa mai karatu alkawarin da kamfanin da kansa bai cika ba. Haka ma motar talla da wata Hajiya ta kawo, Hajiya abin da ke kan farantin mai talla ai na sayarwa ne, in ka kira ta za ta sauke maka.

Amma Alhaji maganarka ta tuna min wani abu da ya kamata mu raba, domin akwai irin da samfur ya kusa dacewa da ita. A Satumbar 2020 Nissan ta nuna wata rawayar mota mai suna Z Proto, a Agustan 2021 aka buɗe sabuwar Z ta sayarwa a New York, ka jera hotunan biyu sai ka ƙura ido kafin ka ga bambanci, fitilun gaba masu tuna tsohuwar Nissan 240Z suna nan, na baya masu tuna tsohuwar 300ZX suna nan, bakin nan mai kusurwa huɗu da wasu suka yi ta kuka da shi ma bai motsa ba. Me ya sa? Saboda wata 11 ne kawai tsakani, kuma a wata 11 ba a sake fasalin mota, lokacin da aka nuna Proto an riga an gama aikin ta gaskiya, shasin ma na tsohuwar 370Z ne aka gyara aka ɗora mata inji V6 mai turbo biyu da ƙarfin doki 400. Wato wannan ba tambayar mutane ake yi ba, ɗanɗana musu ake yi kafin a sauke tukunya. Irin wannan ni sai in ce mu kira ta somin taɓi, ƙirar somin taɓi, tana ƙarƙashin ƙirar nuni amma mai karatu ya san abin da ya gani kusan shi zai samu.

Wannan ne ma amsar tambayar da wani ɗalibi ya yi cewa yaya mutum zai gane ko motar da aka nuna za ta fito yadda take. Ɗan uwa ka fara duba ko an faɗi lokacin fitowa, in an ce baɗi ne toh an riga an gama, in ba a ce komai ba akwai sauran tafiya. Sannan ka duba ƙananan abubuwan da mai zane ba ya so amma doka da rayuwa suka wajabta, madubin gefe na gaske mai girma, abin goge gilas, mariƙin ƙofa, wajen lamba, murfin tankin mai, ɗan sarari tsakanin taya da bodi. In suna nan mota ce ta gaske aka yi wa kwalliya. In babu su yumɓu ne da faiba aka sassaƙa da hannu aka fesa fenti. Yawancin abin da ke canzawa ba son rai ba ne, a Turai doka ta nemi a bar sarari tsakanin boneti da inji saboda in an buge mai tafiya a ƙasa kansa ya samu inda zai lotsa, shi ya sa hancin mota ke ɗagawa, a Amurka dole a sa madubi na gilas ba kamara kaɗai ba, fitila tana da iyakar tsayinta daga ƙasa, dogon mutum dole ya zauna kansa bai taɓa rufi ba, kuma lanƙwasar da hannu zai sassaƙa sau ɗaya ba lallai injin buga ƙarfe ya iya fitar da ita sau dubu hamsin a kan kuɗin da zai biya ba.

Akwai kuma inda aka nace aka ce sai ta fito yadda take. Wannan ɗakin zane na Calty da ya yi FT-1 shi ya yi Lexus LF-LC da aka nuna a Detroit a 2012, mutane suka so ta sosai, sai kamfanin ya gina sabon shasi da zai ɗauki siffar maimakon a matse siffar ta shiga tsohon shasi, a 2016 aka buɗe LC 500 kuma har yau ana kafa misali da ita wajen kama da ƙirar nuninta. Amma ka duba farashi, LC 500 ta fara ne sama da dala dubu 90, Supra kusan dala dubu 50. Hannu ɗaya ya zana su, ɗaya an yanka mata yadinta ɗaya an sa ta a na wani.

Kuma kada mu ɗauka kamanni sosai kullum alheri ne, wannan nake so masu cewa kamfanoni matsorata ne su ji. Audi ta nuna TT a Frankfurt a 1995, mota mai santsi zagayayya gaba da baya kamar an kife ƙwarya, aka fitar da ta sayarwa a 1998 kusan yadda take in ban da ƙananan tagogin gefe da aka ƙara a baya. Sai aka fara samun haɗura a babban gudu, bayan motar na yin sauƙi iska na ɗaga shi, har aka rasa rayuka, dole aka kira motocin aka ɗaura musu ɗan fiffike a but aka gyara ƙafafu aka ƙara na'urar da ke hana mota juyawa. Fiffiken da mai zane bai so ba saboda zai ɓata santsin layi shi ya dawo daga baya. Duk lokacin da na tuna wannan sai maganar Baba bakanike ta dawo min, wanda ya zana daban wanda zai ɗaura noti daban, kuma shi mai notin ba maƙiyin kyau ba ne rai yake karewa.

Malama da ta kawo zayyana, na gode Malama kalma ce mai kyau kuma ba za mu bar ta ba, amma inaga wurinta shine design ɗin kansa, zanen da tsarin siffar, tun yana kan takarda ko kwamfuta. Sai mu ce zayyanar motar ta yi kyau, ko an canza zayyanar fitilun. Ƙirar nuni kuwa abu ne mai jiki da za ka zagaya ka leƙa cikinsa. Wanda ya ce motar ƙwalele na ji abin da yake ji a ransa, amma kalmar tana ɗauke da zargi, ba za ka sa ta a labaran rediyo ba.

Saura ɗaya ɓangaren, production car. Da farko na rubuta motar kasuwa a takardata sai na goge, domin motar kasuwa a wajenmu ita ce ta haya mai lodin fasinja a tasha. Ƙirar kasuwa ma tana da matsala, in aka ce ɗinkin kasuwa ko kayan kasuwa ne akwai ƙanshin raini a ciki, kamar ba mai inganci ba. Mutum uku sun ce ƙirar titi kuma tana da daɗin faɗa, sai dai za mu bukace ta a wani wuri, wajen bambance motar da doka ta yarda ta hau titi da wadda ba ta fita daga filin tsere, kamar Supra ta titi da Supra GT4 ta tsere. Saboda haka na fi karkata ga ƙirar sayarwa, ba ta da ado amma ba wanda zai ji ta ya ɓata hanya.

Ita kuma sports car, wato irin su Supra, dan Allah a daina rubuta motar wasanni, mai karatu bas ɗin 'yan ƙwallo yake hangowa. Motar tsere ma ba daidai ba ce tunda yawancinsu ba sa shiga tsere. Ni motar gudu nake cewa, in ana son ƙarin bayani a ce mai ƙofa biyu, kuma da na gwada ta a gareji ba wanda ya tambaye ni me nake nufi.

Ga yadda na mayar wa ƙanena amsa ɗazu, ku karanta ku ji ko ta zauna a kunne: wannan da ka turo ƙirar nuni ce ba ƙirar sayarwa ba, ba a ma fara ganin motar gwajinta a titi ba, in za ta fito sai nan da wasu shekaru kuma zayyanar za ta canza musamman hanci da tayoyi, ka bari sai sun nuna somin taɓi sannan mu yi maganar farashi. Ya karanta ya ce ya gane, bai nemi in fassara masa ko kalma ɗaya ba.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai har yanzu ban ji daga gare ku ba, ku da kuke jin labarin mota ta Faransanci me kuke ce mata a gareji da gidan rediyo, kuma ƙirar nuni ta shiga kunnenku ko akwai wadda ta fi ta a bakinku?